Baƙar Ledar da Baba Ya Ajiye Min a Zaure

Baba ya miƙe, Alhamdulillahi, shi ya sa ma na samu bakin yin wannan maganar. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji biyu na sakandare na gudu daga makaranta, yadda nake magana haka zan rubuta. Amma duk wanda yake da tsoho a gida ya daure ya karanta har ƙarshe.

Sunana Nafi'u, a Gyaɗi-Gyaɗi muke. Babana kafinta ne, shagonsa yana Tarauni. Ni kuwa ba abin da ban taɓa ba: cajin waya, sayar da fetur a galan, wankin mota, har motar shanu na taɓa bi zuwa kudu. Yanzu adaidaita nake ja, ta wani Alhaji. Kuma ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan yake nufi. Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama inda na zauna, ba ya miƙo min abu hannu da hannu. Ba faɗa muke ba fa, kunya ce irin ta mutanen da. Umma ma haka take da ni har Allah Ya yi mata rasuwa. Ƙanwata Rabi ce 'yar aiken da ke tsakaninmu, "ki gaya wa yayanki kaza," ko da kuwa ina tsaye a wajen. Da aka yi mata aure ta koma Unguwa Uku, sai gidan ya rage daga ni sai shi.

Sai muka samo dabararmu. In ya dawo masallaci da asuba ya sayo min ƙosai, sai ya ƙulle a baƙar leda ya ajiye gefen takalmina a zaure, ya yi gyaran murya ya wuce. Ni ma in na yi cefane, a ƙofar ɗakinsa nake ajiyewa in yi tari. Haka muke zaune lafiya lau.

Bayan Babbar Sallah ciwon ya fara. Gajiya dai kawai. Mutumin da yake yini yana jan zarto, sai ga shi in ya ja kaɗan yana haki. Ya rage cin tuwo, yana yawan dafe ƙirji wai ƙwannafi. Ya je kemis, aka ce maleriya da taifot, kamar yadda ake ce wa kowa. Aka yi masa allurai, ya sha ƙwayoyi, shiru. Sati na zagayowa aka sake ce masa taifot ɗin ce ba ta fita ba. Fuskarsa ta fara yin fari-fari, hularsa ta fara yi masa yawa. Rabi a lokacin cikinta ya tsufa, ta waya take ta yi masa magiya har da kuka, da ƙyar ya yarda a je babban asibiti.

Ni na ɗauke shi. Ranar ne ya fara shiga adaidaitata, ya zauna can ƙarshen kujera yana kallon waje kamar fasinjan da bai san ni ba. Muna idar da asuba muka fita, amma muka tarar da mutane dam, kamar a can suka kwana. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, ka kai gaba a ce maka ba sabis ka jira. Ni da ba na iya zama waje ɗaya, na zagaya asibitin nan har na haddace inda kowace bishiya take. Sai bayan azahar muka shiga wajen likita.

Mace ce, yarinya, ba za ta girme wa Rabi ba. Ta ja fatar idonsa ta duba, ta buɗe tafin hannunsa.

"Baba, yaya bayan gida? Wane launi yake fita?"

Baba ya ɗaga kai yana kallon fanka. "Alhamdulillahi."

"Na san Alhamdulillahi, Baba. Launi nake tambaya."

"Irin na kowa."

"Akwai maganin da kake sha kullum?"

"Babu."

Ina tsaye a bayansa duk wannan, na rasa inda zan sa kaina. Aka ɗebi jininsa, muka sake jira. Da ta duba sakamakon sai ta kalle ni ta faɗi maganar da har yau tana kaina: "Jininsa ya yi ƙasa sosai. Kuma jini ba ya ɓacewa haka kawai, akwai inda yake zurarewa. Sai mun gano wajen." Ta ce a yi gwajin bayan gida, a kawo mata sakamako da wuri.

A ɗakin gwaji wani mutum ya miƙo min 'yar kwalbar roba mai shuɗin murfi ta taga. "A kawo da safe. Na gaba!" Shi ke nan fa. Bai ce ga yadda ake yi ba, bai ce ga abin da ba a yi ba. Ni ma ban tambaya ba, don akwai mata a bayana. Har yau ina jin haushin wannan tagar. Da mutumin ya ƙara min magana biyu, da ba mu sha wahalar da muka sha ba.

To yanzu ta yaya ɗan fari zai ba ubansa kwalbar kashi? Na yi ta juya ta a aljihu har magariba. Ƙarshe na ajiye ta gefen butarsa na yi tari na fice.

Washegari shiru. Jibi ma shiru. Rannan da safe na makara, ga yaran da nake kai wa makaranta suna jira. Ina sa riga na ji gyaran muryar Baba a zaure. Na fito, ga baƙar leda a ƙulle gefen takalmina. Na sure ta, na rataye a ƙugiyar gaban adaidaita, na ce sai na huta na ci. Na kai yara, na shiga Unguwa Uku, na dawo Tarauni, na sake komawa. Rana ta take sosai kafin na tsaya a gindin bishiyar da muke hutawa mu direbobi.

Akwai abokina Habu Dogo, kullum sai ya ci rabin ƙosaina. Ina kashe mashin ya miƙo dogon hannunsa ya zare ledar.

"Ɗan gatan Baba! Ƙato da gemu ana saya masa ƙosai. Jama'a ku zo a yi sadaka."

"Ajiye min abuna, Dogo."

"Kai, yau ba maiƙo. Baba ya canza mai ƙosai ne?"

Ya kwance leda, ya tarar da wata leda. Ya kwance ta, ga jarida. Ya warware jarida, ga tsumma. Mutane suka fara matsowa. Ni a lokacin na gane, amma kafin na yi tsalle ya riga ya fito da ita. Baba ya naɗe kwalbar da salatif ɗin aikinsa tun daga gindi har wuya, ko alamar abin da ke ciki ba a gani, sai shuɗin murfin. Amma rana ta dake ta tun safe, hanci ba ya buƙatar bayani.

"Innalillahi! Nafi'u, meye wannan?"

Wallahi har mai shayi sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Wani yana cewa a kawo yaji, wani yana cewa Dogo ya yi bisimilla. Na fizge ta na ce duk wanda ya kai maganar nan unguwarmu ni da shi ne. Na ja adaidaita a guje sai asibiti.

Wata mata na tarar a tagar. "Ƙarfe nawa aka yi shi?"

"Ina jin da asuba."

"Kana ji? Tun asuba yana ina?"

"A rataye a mashin."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ko kwance salatif ɗin ba ta yi ba, ta jefa a kwandon shararsu. Ta ce wanda ya yini a rana ba zai nuna gaskiya ba, a sake sabo. Ta ba ni wata kwalbar.

Satin nan Rabi ta haihu, ta shiga jego, ba fita. Na kira ta na gaya mata, ita kuma ta kira Baba. Ina ɗakina ina jin muryarsa.

"Na ba su. Da girmana na tsuguna na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗebi najasa da hannuna. Yanzu su ce ba ta yi ba? To a bar ni da ciwona."

Da a nan abin ya tsaya, da ƙila Rabi ta shawo kansa. Amma bakin direba ba ya riƙe magana. Kafin Juma'a labari ya zo unguwa, har wani mai rashin ta-ido ya tsokane shi a ƙofar masallaci wai ashe yanzu ƙosai ake kai wa likita. Daga ranar Baba ya daina zama a majalisa. Ya daina gyaran murya a zaure. Sabuwar kwalbar kuma na tsince ta a cikin shara.

Sai dangi suka fara zuwa, kowa da likitancinsa. Ƙanin Baba, Baffa Ɗanlami, ya zo daga Ƙauyen Alu da jarka cike da jiƙo.

"Yaya, basir ne. Duk gidanmu muna da shi, gado ne. Su 'yan asibiti ba abin da suka sani sai a kawo kashi a kawo fitsari. Sha wannan safe da yamma, zai wanke maka dattin cikin tas."

Wata gwaggonmu ta ce ciwon shawara ne, a nemo rake da ganyen gwanda. Wani ya ce ai daga gani bakin mutane ne, shagonsa ya yi ciniki da yawa. Baba ya zaɓi jiƙon Baffa, don shi ba ya buƙatar a nuna wa kowa komai. Jiƙon nan ya sa shi gudawa, ya yi ta zarya banɗaki. Baffa ya ce ai ciwon ne yake fita. Ni dai abin da nake gani, leɓensa ya koma fari, ƙafafunsa sun fara kumbura, ya daina zuwa shago, sallah ma a zaune yake yi. In na ce zan yi magana sai kunya ta hana ni. Sai in ɗau makulli in fice in yi ta yawo a gari, fasinja na tsayar da ni ban ma gani.

Wata ranar Talata da la'asar na dawo gida, na tarar da shi zaune a ƙasa a ƙofar banɗaki, buta ta kife, yana dafe da bango yana son tashi ya kasa. Da ya ji shigowata, bangon ya gaya wa: "Ba komai, santsi ne."

Ban san lokacin da na ruga gidan da ke kallon namu ba. Akwai Sista Hannatu, nas ce, mutuniyar kudancin Kaduna, ita da mijinta malamin makaranta sun daɗe suna haya a layinmu. Baba ne ya yi musu gadon yaransu. Ta fito da zanin gida, hannunta duk kumfar wanki. Tare muka kai shi ɗaki. Ta riƙe hannunsa tana kallon agogo, ta duba idonsa.

"Baba Kafinta, asibiti za mu yanzu."

"Gobe, Sista."

"Yanzu dai."

"Na ce gobe."

Ta yi, ta yi, ya ƙi. Ta sa ya yi mata alkawarin goben, ta ɗauke jarkar Baffa ta fita da ita, ta jawo ni zaure. Na ba ta labarin kwalbar tun daga farko. Ta so ta yi dariya a wajen ƙosai, ta danne.

"Ku Kanawa da kunya! Kunyar ce za ta ƙara masa jini? Tsaya ka ji. In ya yi amai ko ya suma kafin gobe, ku buga min ƙofa, ba jira. In Allah Ya kai mu kuma, da kwalba za ku tafi, don kar su sake juyo ku."

Ta shiga gida ta fito da fo ɗin autanta, wankakke busasshe, da safar hannu ta roba, da sabuwar kwalba. Ta buɗe murfin ta nuna min. Ashe akwai ɗan cokali a maƙale a jikin murfin daga ciki, ni duk yawon da na yi da ta farkon ban taɓa buɗewa ba.

"Kar ka wanke kwalbar, a tsaftace take. Ya fara yin fitsari daban tukun, kar ya haɗu. Ka shimfiɗa sabuwar leda a fo ɗin, ya yi a kai. Kar a ɗebo daga masai, kar ruwan buta ya taɓa, tsarki sai an janye fo. Ka ɗiba da cokalin nan, kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya isa, ba cikawa ake ba. In ka ga wajen da ya fi baƙi ko majina, can za ka ɗiba. Ka rufe gam, ka wanke hannu da sabulu, a rubuta suna da lokaci, ka kai da zafinsa. Ka ji ko? Ba a rataye shi a mashin."

"Na ji, Sista. Amma ko tsuguno ba zai iya ba. Wa zai riƙe shi?"

"Kai mana. Ko ni kake so na riƙe shi?"

Da gari ya waye na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Rabona da shiga ɗakin nan tun rasuwar Umma, sai jiya da muka kwantar da shi. Na yi tari. Sai na ji haushin tarin ma, na ɗaga labule na shiga na zauna a ƙasa. Yana kan sallaya ya jingina da gado, carbi a hannu.

"Baba."

Na matsa kusa da sallayar.

"Baba, ka san ni ban iya magana ba. Rabi tana jego, yaron nan sunanka aka sa masa, ko ɗaukarsa ba ka yi ba. Ni kuma ka san halina, ba na zama waje ɗaya. Duk shirmen da abokaina suka shiga ni ban shiga ba, wallahi don kai ne, kai kaɗai nake jin kunya a duniyar nan. In ka tafi ban san me zan zama ba. Don Allah ka bari a gano abin nan."

Ya daɗe yana jan carbi. Idonsa a kan tabarma ya ce, "Direbobin sun gama dariyar?"

"Sun gama, Baba. Ni ne ban duba ba."

"Ni ne ban faɗa ba."

Ina jin mai koko tana kiran ciniki a waje. Can ya ajiye carbin ya ce, "Je ka rufe ƙofar zaure."

Ba zan faɗi komai da komai ba, ubana ne. Na dai kai shi banɗaki, na tsaya ta bayansa na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa, na juya fuskata ina kallon bango. Mutumin da yake ɗaukar ƙofa shi kaɗai ya ɗora a kura, na ji shi a hannuna ba nauyi kamar damin kara.

"Kar ka sake ni," ya ce.

"Ba zan sake ka ba, Baba."

Da aka gama na janye fo, ya yi tsarki, na mayar da shi ɗaki. Na dawo na sa safar hannu na duba. Jama'a, baƙi ne ƙirin kamar kwalta, yana da danƙo, warinsa ma ba irin wanda aka sani ba ne. Na tsaya a bakin labule.

"Baba, tun yaushe yake fita baƙi haka?"

"Tun bayan Sallah."

Tun bayan Sallah! Duk kemis ɗin nan, duk alluran nan, duk jiƙon nan, amsar tana nan kullum da safe, shi kaɗai yake gani yana kora ta da ruwa.

Na ɗiba yadda aka koya min, na rufe, na wanke hannu. Sista Hannatu tana ƙofar gida da kayan aikinta. Ta ɗaga kwalbar ta kalla, ta rubuta suna da lokaci, fuskarta ba wasa. "Kar ku tsaya layin kati. Ku wuce imajansi kai tsaye. Duk wanda ya tare ka, ka ce masa baƙi ne kamar kwalta."

A imajansi aka ce ba gado. Baba yana kwance a kujerar adaidaita, ni ina ta shiga ina fita, wata nas ta daka min tsawa wai in daina yi musu zarya. Ni ma na ɗaga murya, Allah Ya yafe min. Na ciro kwalbar na ɗaga sama a gaban kowa, yau ba kunya, na ce, "Baƙi ne kamar kwalta, tun bayan Sallah!" Wani likita da ke rubutu ya ajiye biro ya taso. Ya kalli kwalbar, ya fita ya kalli Baba. Ya ce wannan jini ne, daga can sama cikin ciki yake zubowa, kafin ya fito ya riga ya yi baƙi. Nan da nan aka samo gadon turawa, aka sa masa ruwa, aka tura ni da kwalbar ɗakin gwaji. Wannan karon aka karɓa.

Aka ce sai an ƙara masa jini, kuma sai mun kawo masu bayarwa. Na ba da nawa, mijin Rabi ya ba da nasa, bai isa ba. Ina zaune a baranda na haɗa kai da gwiwa, sai ga adaidaita suna shigowa a jere. Habu Dogo ne a gaba, ya kwaso 'yan gindin bishiya, har da mai shayi.

"Ina ake ɗibar? Tunda na kusa cin ƙosan Baba, ai dole na biya."

Na so na zage shi, sai hawaye. Shi kuma da ya ga allura ya fara salati yana cewa a yi a hankali shi maraya ne.

Sakamakon kwalbar ya fito: akwai jini, kuma akwai wata ƙwayar cuta mai jawo olsa. Suka ce duk da haka sai an zura kyamara ta baki an ga wajen da ido, don a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Kalmar nan ta hana ni cin abinci har ranar da aka yi. Da likitarmu ta farko ta zo zagaye ta ce gyambo ne a ciki, ba daji ba, kuma yana warkewa, sai a lokacin na nemi abinci. Ta sake tambayarsa ko akwai abin da yake sha. Baba ya laluba aljihu ya fito da wasu ƙwayoyi ja da fari, irin na masu talla a faranti.

"Wannan ai ba magani ba ne, na gajiya ne. Saboda bayana, kafin na karya nake sha."

Ta riƙe kai. Ta ce su ne suka taimaka wajen cinye masa ciki, kar ya ƙara ko kallonsu.

Mun kwana biyu a asibitin nan. Kuɗi kam sun tafi, har babbar wayata ta bi su, da ta Rabi nake wannan rubutun. Magani wani a ce babu sai ka fita waje, sauro a baranda kamar a nan aka haife su, banɗakin masu jinya kuwa gara kar na fara. Amma kuma akwai nas ɗin da ta daka min tsawa, ita ce daga baya take lallaɓa Baba ya sha kunu tana ce masa angonta. Alhaji mai adaidaita ya ɗaga min ƙafa bai ce komai ba. Sista Hannatu kullum sai ta aiko da kunun gyaɗa. Baffa Ɗanlami ya zo dubiya da wata sabuwar jarka a ƙarƙashin babbar riga, nas ta ƙwace a ƙofa, har yau yana cewa da an bari da ba mu daɗe a asibiti ba. Ni nake yi wa Baba wanka, ni nake kai shi banɗaki. Ba ma hira, amma in yana son abu yanzu yana faɗa.

Da aka sallame mu aka haɗo shi da ƙwayoyi na sati biyu, suna sa masa ɗacin baki yana mita, ina tsaye a kansa sai ya haɗiye. A hankali leɓe ya dawo ja, kumburi ya saɓe, ya fara neman tuwo da man shanu. Da Rabi ta yi arba'in ta kawo masa takwaransa, ya ɗauke shi ya ƙi bayarwa. Bayan wata guda aka sake gwajin don a ga ko ƙwayar cutar ta mutu. Shi ya yi abinsa da kansa, sakamako ya fito tas.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. In likita zai tambayi tsohonku abin kunya, ku fita ku ba su waje, ko ku daure ku tambaye shi da kanku a gida. In aka miƙo muku kwalbar nan ta taga, kar ku matsa sai an gaya muku yadda ake yi, ko mata dubu ne a bayanku. Baƙin bayan gida ba basir ba ne, ba kuma dattin ciki ba ne, ku ruga asibiti. Ƙwayoyin faranti kuma ku lalube aljihun iyayenku. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimake mu, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Shekaranjiya na sauke fasinja a Tarauni, na ce bari na leƙa shago. Na tarar da shi yana ta aiki, hula a karkace, fensir a kunne. Kujera yake haɗawa, mai ƙarfi, da hannuwa biyu na dafawa. Amma ya yanke rami zagayayye a tsakiyar mazaunin, ya yi ɗan waje a ƙasa daidai zaman fo.

"Baba, wannan fa ta mece ce?"

Bai ɗago ba, yana goge bakin ramin da samfefa.

"Ta Malam Isa ce, ladaninmu. Gwiwa ta hana shi tsuguno, kuma jiya likita ya ba shi irin 'yar kwalbar nan. Yana ta ɓoye-ɓoye, na ce ya kawo in gani." Ya hure ƙurar katakon, ya shafa da hannu. "'Ya'yansa duk suna nesa. Ba kowa ne yake da mai riƙe shi ba."

Na tsaya ina kallon kujerar. Ya ɗauko guduma, ya nuna min ƙafar kujerar da haɓa.

"Tsayuwar me kake? Riƙe min nan."